Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

Haliru malamin lissafi ne a Damagaram, irin mutanen nan da in hutu ya zo, maimakon su miƙe ƙafa kamar kowa, sai su tafi neman wahala. Tasa wahalar keke ce. Kwana goma sha ɗaya yana tuƙi: ya ƙetaro iyaka, ya bi ta Daura da Kazaure, ya huta a Kano, ya kwana a Rano. Zango ɗaya ya rage masa, daga Rano zuwa Fammar, inda goggonsa Tani take aure tun kafin a haife shi.

Da la'asar sakaliya tayarsa ta sace a Kibiya. Mai facin, wani dattijo da ake kira Malam Alu, ya bar tayar ya tsaya kallon ɗamammen wandon da ke jikin baƙon.

"Wandon na ƙanenka ne, ko wanki ne ya cinye shi?"

"Na tsere ne, Baba. Haka ake ɗinka shi."

"To, wa ya biyo ka?"

Mutanen da ke zaune a bencin mai facin babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya matsa masa ya zauna. Da ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, wani ya ce ya mai da ita aljihu, in ma yana da aljihun.

Malam Alu ya gama facin, ya dubi rana. "In Fammar za ka, ka tuƙa kada ka tsaya. Almuru ya kusa."

"Baba, daga Damagaram fa nake a kan keken nan."

"Ban tambaye ka ba."

Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, hanya sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kwaɗi. Da Haliru ya ji maganar dattijon, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Badamagare da shayi sai Allah. Kullum in rana ta yi ja sai ya dafa, bai kuma ga dalilin da ranar ƙarshe za ta bambanta ba. Ya ga wata ƙatuwar tsamiya a bakin hanya, ya jingine keke, ya kunna ɗan rishonsa, ya ɗora buta.

Ruwa na tafasa, wani ƙwaro ya faɗa ciki. Haliru ya yi tsaki, ya ɗauki butar ya watsa ruwan a tsakanin saiwoyin tsamiyar.

Babu bisimilla.

Ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba ta san ba a zubar da ruwan zafi da almuru sai an ambaci Allah, don masu wurin su janye jikinsu. Haliru ma ya sani. Ya dai yi karatu mai zurfi ne.

Kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Sai wari ya taso, irin na fatar da ake babbakawa. A bayansa wani ya ja iska ta haƙora, a hankali, kamar mai danne zafi.

Ya juya. Wata tsohuwa ce zaune kan saiwa, ta riƙe ƙafarta ta dama da hannu biyu. Fatar ta saɓule har idon sawu, tana tururi.

"Ka ƙona ni," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Iya, ban gan ki ba."

"Ka yi sallama ne, balle ka gan ni? A tsakar gidana ka dafa, a ƙafata ka zubar."

"Akwai man ƙuna a jakata, Iya, bari in..."

"Da wace ƙafar zan je rafi ɗibar ruwa?" Idanunta suka sauka kan cinyarsa, suka gangara. "Taka za ta yi. Kwana goma sha ɗaya kana ƙarfafa mini ita."

Bai faɗa mata kwana nawa ya yi ba.

Ya bar risho da buta, ya haye keke. Takalmansa irin na 'yan tsere ne, masu maƙalewa a feda. Suka ce ƙas, ƙas, ya fizga.

Bai yi nisa ba ya ji bayan keken ya lotsa. Sarƙa ta fara kuka. Numfashi mai warin toka ya sauka a ƙeyarsa.

"Tuƙa," aka raɗa masa. "Gwada ta nake."

Hannu mai sanyi ya dafa gwiwarsa ta dama. Ya sauka kan ƙwauri. Ya zagaye idon sawu.

Yatsun ƙafarsa suka mutu. Sannan tafin.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, abin da ya fito sai bakwai sau bakwai.

Ya daina tuƙi. Ƙafar dama ba ta daina ba.

Kan keken ya fara juyawa, zai koma wajen tsamiya.

Ya murɗa diddige don takalmin ya saki feda. Ya ƙi. Sanyin ya fara hawa ƙwauri.

Ya sunkuya, ya fincike maɗaurin takalmin, ya zare ƙafarsa da ƙarfin tsiya. Na hagun ya saki, ya faɗa cikin dawa.

Keken bai faɗi ba. Ya ci gaba da tafiya a miƙe, takalmi ɗaya yana juya feda, babu kowa a kai.

"Na samu rabi," in ji muryar, daga nesa.

Da rarrafe ya isa Fammar, ana idar da sallar isha'i. Goggo Tani ta haska ƙafar da tocila, ta taɓa ta, ta janye hannu da sauri.

"A gindin tsamiyar hanya ka tsaya?"

Ya ɗaga kai.

"Me ka zubar?"

"Ruwan shayi, Goggo."

"Ɗan yayana, duk ƙasar nan ba ka ga inda za ka sha shayi ba sai ɗakin mutane?"

Kwana bakwai limamin garin yana yi masa tofi. Sanyin ya sauka daga ƙwauri, ya tsaya a idon sawu, daga nan bai ƙara motsawa ba. Liman ya ce iyakar abin da za a iya karɓowa ke nan, sauran kuwa da hakkin tsohuwar a ciki.

A mota Haliru ya koma Damagaram. Yana koyarwa har yau, yana ɗan jan ƙafa. Sai dai in rana ta yi ja, yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya zauna a bakin gado, domin lokacin ne tafin ƙafar ke fara takawa shi kaɗai, taki bayan taki, kamar mai ɗauke da tulu. In ya tsaya, sai Haliru ya ɗauko ruwa ya wanke jiƙaƙƙen taɓon rafi daga tsakanin yatsunsa.