Shukar Malama Ta Ɓace

Sufeto ya isa gidan da hantsi. Malama, tsohuwar shugabar makaranta, tana tsaye kan tukunyar da ba komai ciki sai ƙasa. Mijinta, wanda ya kai ƙara ofishin 'yan sanda da kansa, yana gefe yana susar hannu.

"Shukar ado ce aka sace?"

"Mai faɗin ganye, kore da ɗigon fari," in ji Malama. "Marigayiya mahaifiyata ta dasa ta. Kwana tara na yi gidan 'yata, na dawo na tarar da wannan."

"Wa kike zargi?"

"Maƙwabciya," mijin ya yi caraf. "Telar nan. Kullum idonta na kai."

Da Sufeto ya shiga gidanta, telar ta rantse ba ta ma san kalar shukar ba. Sufeto ya nuna gwangwanin da ke bayan keken ɗinkinta, da ɗan tsiro mai ɗigon fari.

"To, reshe ɗaya na tsinka, Yallaɓai, tun bara. Ya ƙi girma ma."

Sufeto ya koma gidan Malama. Ya tura yatsa cikin tukunyar, ya fito da caɓi. Ya shinshina. Wari.

"Malama, sau nawa kike ba ta ruwa?"

"Sai ƙasa ta bushe. In ya yi yawa saiwa ruɓewa take."

"Ruwan jikinta fa?"

"Ƙaiƙayi. Ba a yanka ta hannu tsirara."

Sufeto ya juya. Mijin ya daina susa, ya cusa hannu a aljihu.

"Baba, kai sau nawa ka ba ta ruwa?"

Mijin ya saci kallon Malama.

"Sau uku. Kamar abinci. Cewa ta yi in kula da ita." Ya nuna tukunyar. "Rana ta shida ta kwanta. Na yanke abin da bai ruɓe ba, na tsoma a kwalabe. Suna cikin but ɗin mota."

Aka buɗe but. Kwalabe biyar. Malama ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana duba gindin. Biyu sun fara nuna alamar farar saiwa.

"Za su rayu," ta ce. Ba ta kalli mijin ba.

"Ƙarar ƙarya laifi ce, Baba," in ji Sufeto. "Amma in Malama ta yafe, a kashe maganar a gida."

Mijin ya dubi fuskar matarsa. Ya ɗauki hularsa.

"Mu je ofis ɗin, Yallaɓai. Kada ka yi gaggawar sako ni."