Rigar Gola

Wani yaro yana koyon ɗinki a shagon Malam Jumare a Ikara, duk Asabar da Lahadi. Hannunsa yana da kyau. Sai dai ba ya kallon ƙwallo.

A shagon kuwa, hirar ke nan kullum. Iliyasu da Usmanu, manyan yaran shago, suna taka keken ɗinki suna musu. In an zo cin ƙosai, ba mai tunawa da shi. Shi kaɗai yake ci a gefe, abin yana damunsa.

Wata Asabar samarin unguwa suka kawo koren yadi mai yawa da ɗan guntun rawaya. Riguna goma sha ɗaya suke so, don washegari da la'asar za su buga da 'yan Kudan. Iliyasu da Usmanu sun tafi Makarfi kai kaya.

Malam Jumare ya ce, "Kai, ka san yadda ake rigunan ƙwallo?"

Yaron ya ce, "Sosai ma, Malam." Yana so a riƙa sa shi cikin hira.

Ya ɗinka korayen riguna goma sha ɗaya. Rawayan kuma ya yayyanka shi, ya yi wa kowace riga kwala.

Da safe Iliyasu ya ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ina ta gola?"

"Wane ne gola?"

Usmanu ya ce, "Mai tsaron gida mana! Rigarsa daban take. Rawayan nan nasa ne."

Kunya ta kama yaron. Ya ce, "Malam, ƙarya na yi. Ban taɓa kallon wasa ba."

Malam Jumare ya ce, "Da ka tambaya, da an gaya maka. Rashin sani ba laifi ba ne. Ƙaryar ce laifi." Ya miƙo masa ragowar wani jan yadi. "Zauna ka gyara ɓarnarka."

Kafin azahar rigar ta fito. Da la'asar Iliyasu ya ɗauke shi a keke zuwa fili. Gola ya tsaya a raga cikin jar riga.

Asabar ta gaba, yaron ya tambaya, "Me ya sa gola kaɗai yake kamawa da hannu?"

Iliyasu da Usmanu suka hau rige-rigen ba shi amsa. Usmanu ya jawo kwanon ƙosai tsakiya, ya ce, "Matso."

Daga ranar, abin da bai sani ba, tambaya yake yi.