Hannun da Ke Fitowa ta Gilashi

Auta na tsugune gaban firji tana goge ruwan da ya tsiyayo daga ƙasansa, Umma na kan kujera tana ɗinke maɓallin riga, sai ga Abba ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba. Ya jefa makullin mota kan tebur, ya tsaya a kan Auta.

"Yaron nan naki mai gyaran firji, ki gaya masa kada ya tako mini gida ranar Asabar. Na fasa."

Tsumman ya suɓuce daga hannunta. Dogo kenan, wanda ta haɗu da shi ranar da firjin allurai ya mutu a kemis ɗin da take aiki. Ya zo gyaran awa ɗaya, ya ɓata yini yana neman wata ƙusa da daga baya ya amsa cewa a aljihunsa take. Ranar Asabar ɗin nan aka shirya zai kawo mahaifinsa su gaisa da Abba karo na farko.

"Abba, me ya yi?"

"Me ya yi? A danjar bakin gada, inda tsohon nan mai rawar hannu yake bara. Na miƙa masa 'yan canji kamar kullum, sai ga wani zabgegen yaro ya fizge kuɗin daga hannun tsohon, ya ƙwanƙwasa mini gilashi, ya turo mini abina. Wai 'mun gode, a riƙe.' Sannan ya ja tsohon nan kamar buhu. Ina ganinsa na gane shi, shi ne na hoton da uwarki ta nuna mini."

Abba mai shagon fenti ne, kuma duk duniya babu abin da yake taƙama da shi kamar cewa bai taɓa wuce mai bara hannu rabbana ba. Akwai wani ɗan rami kusa da giyar motarsa da ba a zuba komai sai canji. Gilashin motar baƙi ne wuluk. In danja ta tsayar da shi yakan sauke shi daidai yadda hannu zai fita, ya miƙa, ya mayar, idonsa na kan fitila. Umma kuwa akasinsa ce, ko sisi ba ta bayarwa.

"To ni yanzu ma yaron ya shiga raina," in ji Umma, ta cije zare. "Ku ne kuke ɓata su. Rabin masu baran nan sun fi mu gida mai kyau. Ya yi daidai."

"Ke dama zuciyarki ai bulo ce. Wanda bai ji tausayin tsoho a titi ba, zai ji tausayin 'yata a ɗaki?"

Suka hau musun da suka saba tun kafin a haifi Auta. Ita kuwa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, hawaye na zuba, kanta ya ɗaure tamau. Dogon da ta sani ko kyanwa ba ya iya kora daga inuwar motarsa. Ta kira shi bai ɗaga ba, sai ga saƙo: "Sori, ina bizi. Gobe." Ta kife wayar a kan filo.

Washegari da rana ta nemi izinin fita daga wurin aiki, ta tafi bakin gadar da kanta, don ba ta yarda da goben Dogo ba. Tsohon na nan zaune a kan wani guntun bulo a gefen titi, tufafinsa tsaf, hannunsa na dama a miƙe yana rawa. Tana tsaye tana tunanin abin da za ta ce, sai ga ƙaramar motar Dogo ta yi fakin. Ya fito riƙe da kular abinci, ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, don Allah ka tashi mu tafi. Rana ta yi zafi."

Auta ta ɗauka Baban girmamawa ne, irin wanda ake ce wa kowane tsoho. Sai da ta kalli hancin tsohon, ta kalli na Dogo, ta kalli dogayen ƙafafun nan da aka naɗe a kan bulo, sannan ta gane mahaifinsa ne. Dogo ya waiwayo suka haɗa ido, kular ta kusa kuɓuce masa.

A cikin motarsa suka zauna, tsakanin bututun gas da wayoyi.

"Ka ce mini babanka ba shi da lafiya, yana gida."

"Ba shi da lafiyar. Gidan ne ba ya zama." Ya goge fuska da hannun riga. "Mai aski ne shi. Nan wurin da kika ga ya zauna, nan shagonsa yake kafin a faɗaɗa titi. Hannunsa ya fara rawa, ya ajiye kilifa. Mama ta rasu. Ni ina fita aiki tun safe. Akwai abinci, akwai talabijin, akwai komai, amma ina juya baya zai sa hula ya taho nan. Kunya ta hana ni faɗa miki. Kullum sai in ce gobe."

"Kuma shi ne kake ƙwace kuɗi kana mayar wa mutane?"

"To ya zan yi? Duk wanda ya ba shi, ya ƙara manna shi a kan bulon nan. Wani mai baƙar mota ma kullum sai ya bayar, jiya dai haƙurina ya ƙare."

"Motar Abbana ce."

Dogo ya zaro ido. Ya kifa kansa a sitiyari har hon ya yi ƙara.

Auta ta koma gida ba ta san da wa take fushi ba. Da Dogo da ya ɓoye mata? Da Abba da yake bayarwa? Da ita kanta, da ta sha wuce wurin nan a tasi tana danna waya don kada su haɗa ido da kowa? Ta yanke shawarar faɗin gaskiya, tana ganin in Abba ya ji ubansa ne ai magana ta ƙare. Ashe yanzu aka fara.

Umma ce ta fara miƙewa. "Ɗan mai bara? Wallahi ba da ni ba. In shiga taro a ce ga surukar tsohon bakin gada?"

"Umma, jiya fa kika ce ya shiga ranki."

"Jiya na ɗauka korar su yake, ban san daga gidansu ake fitowa ba."

Auta ta juya wajen Abba tana sa rai. Sai ya girgiza kai. "Wannan ya fi na jiya muni. Ɗa yana da sana'a, yana da mota, ubansa na bara a rana? In ya iya barin uban da ya haife shi a titi, ke a ina zai bar ki?"

Karo na farko a tarihin gidan, Abba da Umma suka tsaya a layi ɗaya kan maganar bara, kuma a kan Auta suka tsaya. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta yi musu tsiwa ba, ba ta kuma ce ta haƙura da Dogo ba. Asabar ta zo ta wuce babu wanda ya tako gidan.

Abin da ta shiga yi, ita ma ba za ta iya cewa ga dalilinsa ba. Duk lokacin hutun rana sai ta taka zuwa bakin gada. Ranar farko kuɗi ta ciro, ta tuna maganar Dogo ta mayar. Ta tuna maganar Abba ta sake cirowa. Tana cikin wannan shiga da fita da hannu a jaka tsohon ya yi dariya.

"Yarinya, jakar nan za ta yage. Zauna ki gaya mini, wa ya yi wa ɗana askin nan da yake yawo da shi? Gaban kan a karkace."

Ta zauna. Ranar har ta makara komawa aiki, don tsohon bakinsa ba ya gajiya. Ya san tarihin kowane gini a layin, ya san wanda ya fara sanƙo tun yana saurayi, ya san wanda yake rina gemu yana musu. A wani zuwan ta daure ta tambaye shi me ya sa yake bara.

"Da farko ba bara nake ba. Zama nake in ga mutane. Wata rana na hango wani tsohon kwastomana a mota, na miƙa masa hannu mu gaisa, sai ya saka mini kuɗi a ciki ya ja motarsa. Na bi shi da kallo. Na biyu ma haka." Ya dubi hannun da ke rawa. "Ba zan yi miki ƙarya ba, daga baya na saba. Yanzu in ba a ba ni ba har haushi nake ji. Amma ki ga na kusa da ni can, mai sanda? Shi in bai samu ba, ranar ba zai ci ba. Mu nan ba iri ɗaya ba ne, ku ne kuke ganinmu iri ɗaya."

Wannan ya ƙara rikita ta. Umma na da gaskiya a kan wannan tsohon, Abba na da gaskiya a kan mai sanda, kuma su biyun a gefen titi ɗaya suke zaune.

Makonni suka shuɗe. Auta ta rame, ta daina waƙa in tana wanke-wanke, firjin gidan kuma ya ci gaba da zubar da ruwa don babu mai bakin cewa a kira mai gyara. Abba ne ya fara gajiya da ganin fuskarta. Wata safiya ya ce, "Su zo. In ji da kunnena, in sallame su da bakina, kowa ya huta."

Suka zo da la'asar. Dogo ya yi wa Babansa wanka da turare, ya sa masa sababbin kaya. Abba ya fito falo ya ga wani dattijo mai kwarjini a zaune, ya dubi bayansa yana neman wani.

"Ina mahaifin naka?"

"Ga shi nan, Abba," in ji Dogo, kansa a ƙasa.

Abba ya ɗan daburce. Shekara da shekaru yana ba mutumin nan kuɗi, amma da a hanya suka haɗu haka, da shi zai fara gaishe shi. Ya miƙa hannu. Tsohon ya kama da hannayensa biyu, bai saki ba. Ya juya shi, ya dubi tabon da ke kan babban yatsa, ya dubi fentin da ya maƙale a gefen farce.

"Af, na san hannun nan," ya ce, fuskarsa ta washe da murna ta gaskiya. "Baƙar mota, da safe. Wani lokaci fentin shuɗi ne, wani lokaci fari. Kullum ina cewa, Allah Ya nuna mini fuskar mai hannun nan kafin in mutu. Ashe haka kake. Sannu, bawan Allah. Ya gida? Ya kasuwa? Na daɗe ina son in tambaye ka, gilashin ne yake saurin rufewa."

Babu zargi ko ɗigo a muryarsa, kuma shi ne abin da ya karya Abba. Ya zauna a hankali, hannunsa na cikin na tsohon yana rawa tare da shi. Jawabin sallamar da ya shirya ya bi iska. Auta na bayan labule tana toshe baki da gyale.

"Lafiya lau," Abba ya ce da ƙyar. "Kasuwa... da godiya."

Daga nan tsohon ya karɓe hira. Ya ce wa Abba mai askinsa yana cutarsa a ƙeya. Umma da ta rantse ba za ta fito ba ta leƙo don ta ga abin da ya sa Abba dariya, tsohon ya ce, "Ga inda yarinyar ta samo ido." Ta tsuke baki ta koma, amma da ta dawo da tire ta dawo.

Kafin su tafi Abba ya dubi Dogo. "Na ce ka bar ubanka a titi. Ashe kai kullum kana zuwa ɗauko shi, ni nake biyansa ya zauna. Amma kai ma ka yi laifi da ka ɓoye." Ya nuna kicin da haɓa. "Tashi ka duba mana firjin can, ya ishe mu."

Umma ba ta sauko a ranar ba, sai da ta ja aji na wani lokaci, har yau kuma tana nan a kan cewa ba ta ba mai bara kuɗi. Sai dai an ga tana zuba abinci a kula tana cewa a kai wa mai sanda, wai don kada ya lalace. Abba ya ajiye kujera a ƙofar shagon fenti, tsohon na zama yana tare kwastomomi da hira har su manta kalar da suka zo saye. Wasu ranakun kuma a nemi shi a rasa, sai a same shi a kan bulonsa, don sabo ba ya fita rana ɗaya. An yi auren bayan wata biyu, Auta ta ci ribar haƙurinta.

Har yanzu in ka tambaye ta a ba mai bara ko kada a ba shi, za ta ce maka ba ta sani ba, ya danganta da wanda ke gabanka. Abin da ta sani shi ne ba za ka gane waye a gabanka ba sai ka dube shi, ka gaishe shi, ka tambaye shi. Mai bayarwa ba ya kallo da mai hanawa ba ya kallo, dukansu wucewa suka yi.

Ranar Litinin bayan bikin, danja ta tsayar da Abba a bakin gada, ya hango surukinsa ya sake gudowa kan bulo. Hannunsa ya tafi ramin canji da kansa, ya janye shi. Ya gangara gefe ya kashe mota, masu hon na ta yi a bayansa. Ya fito, ya tsallaka, ya miƙa wa tsohon hannu babu komai a ciki.