Fari, Shuɗi da Ja

Ruwan farkon watan Yuni ne ya koro Eunice cikin shagon telan da aka kwatanta mata a Makera, tana rungume da ledar yadi, gilashin idonta duk ya jiƙe.

"Shigo daga ciki, Sista. Kar yadin ya jiƙe, ke ai kin riga kin jiƙe," in ji saurayin da ke kan keken ɗinki.

Ta goge gilashin ta mayar, sai a lokacin ta gan shi sosai. Dogo ne, da tef rataye a wuya, da guntun alli a bayan kunne. Ishaya sunansa.

Ta zaro takarda ta shiga karanto masa. Ita ce sakatariyar mawaƙan cocinsu a Kamazou, za su yi bikin cika shekara talatin, suna son ƙyallen ratayawa a wuya guda arba'in. Fari don tsarki, shuɗi don sama, ja don jinin Almasihu.

"Ni fa awo na tambaya, Sakatariya, ba wa'azi ba."

Kunya ta kama ta har takardar ta faɗi. Shi ya ɗauko, ya karanta har ƙarshe, ya ce kalar ta yi.

Ishaya ba ya ɗinka irin wannan aiki ɗaya bayan ɗaya. Yakan haɗa dogayen yaduddukan uku gefe da gefe su zama babban ƙyalle guda, ya ja layi da alli, sannan ya bi layin da almakashi. Haka ya koya wurin mahaifinsa, wanda ya koma ɗinki bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri. Ashirin na farko ya gama su cikin Yuli. Sau shida Eunice ta je duba aikin da sau ɗaya ya isa.

"Sakatariya, zarena ya ƙare. Ki zo ki duba," ya turo mata saƙo a waya wata rana.

"Ni nake sayar da zare?"

"A'a. Amma in kin zo ina mantawa da ya ƙare."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau goma, sannan ta amsa: "Oga Tela, ka ji tsoron Allah."

Mahaifinta, Baba George, ma'aikacin gwamnati ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ranar da Ishaya ya zo gaishe shi, rediyo na maganar tsadar abinci. Ishaya ya ce gwamnatin da ta hana mutum ci, ta kuma hana shi kuka, ba ta kyauta ba. Baba ya kashe rediyon.

"Yaron nan bakinsa ya yi yawa," ya ce bayan tafiyarsa. "Shekara talatin da uku ina aiki, ban taɓa cewa komai a kan kowa ba. Da haka na kai ki makaranta. Me Godwin ya yi miki?"

Godwin, wanda Baba ke so ta aura, ƙaramin ma'aikaci ne a ofishinsa, yana da mota, kuma bai taɓa musu da kowa ba. Eunice ta ce bai yi mata komai ba. Gaskiya ta faɗa.

Ranar ɗaya ga Agusta mutane suka fita zanga-zangar yunwa. Da rana saƙo ya shigo.

"Na fita, Sakatariya. Da tukunyar mamata na fita, ba komai a ciki. Kar ki ji tsoro. Ban ɗauki dutse ba."

"Ka koma gida, don Allah."

"Zan koma. Sai dai a gidan ma tukunyar ce."

Ya koma lafiya. Kwana huɗu bayan nan aka ga wasu matasa a cikin gari suna ɗaga tutar Rasha, aka kafa dokar hana fita, aka shiga neman telolin da suka ɗinka. Eunice ta ga tutar a waya, fari, shuɗi da ja. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba.

Da aka sassauta dokar, Ishaya ya buɗe shago. Ruwa ya ɗigo ta rufi ya jiƙa ƙyallen da ya haɗa na sauran ashirin ɗin, wanda bai kai ga yankawa ba. Ya fito da shi ya shanya a igiya a bakin titi.

Godwin ne ya turo mata hoton. Ishaya a zaune a ƙasa ba riga, cikin wasu mutanen da aka kama, an baza ƙyallen a gabansu. "Ga telanki nan. Na gaya wa babanki tun tuni," ya rubuta a ƙasa.

Eunice ta daɗe tana kallon hoton. Ta jira kuka, bai zo ba. Ta ajiye wayar ta ci gaba da tsince wake.

Haka ta zama. Tana zuwa makarantar da take koyarwa, tana rubutu a allo, tana dawowa. In an sa mata abinci ta ci, in ba a sa ba ba ta tambaya. Littattafanta na nan a gefen gado, ta buɗe ta rufe. A coci bakinta na bin waƙar, amma ba ta jin muryarta. Kowace safiya takan tura saƙo zuwa wayar da ta san a kashe take.

"Oga Tela, yau an yi ruwa."

"Oga Tela, mamanka ta zo. Na raka ta inda ake tsare da ku, ba su bar mu mun shiga ba."

"Oga Tela, yau Talata."

Ta gaya wa Baba cewa yadin nata ne. Ya ce ya sani, amma ta rufe bakinta. "Za a ce ɗiyar ma'aikacin gwamnati ce ta ba da aikin. Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani, Baba."

A mako na bakwai wata lauya mai taimaka wa waɗanda aka kama, Barista Hafsat, ta neme ta. Ta saurari labarin, ta sa aka maimaita mata wurin yankan sau biyu.

"Kika ce yana jan layi da alli kafin ya yanka?"

"Kullum."

"To, ƙanwata, ina son ashirin ɗin da ya riga ya gama a kotu. A wuyan masu su nake so."

Mawaƙa da yawa sun ji tsoro. Wata ta riga ta cusa nata a ƙarƙashin katifa, wani ya ce matarsa ta ƙona nasa. Sha huɗu suka zo. Daga Kamazou suka hau mota da ƙyallayen a cikin jaka, sai a ƙofar kotu suka rataya. Mai gadin ƙofa ya tare su. Mama Vicky, shugabar mawaƙa, wadda ta haura sittin, ta gyara nata ta ce, "Ɗana, in wannan tuta ce, ka fara da ni. Sai dai ƙafata ba ta hawa bayan mota, sai ka ɗaga ni."

Aka bar su suka shiga.

Da aka shigo da Ishaya, Eunice ba ta gane shi ba sai da ya juyo. Wuyansa ya yi tsawo, an aske kansa. Ya dube ta, ta dube shi. Ba wanda ya yi murmushi.

Barista Hafsat ta roƙi a baza ƙyallen da aka kama. Duk da ruwan da ya taɓa shi, layukan allin na nan, ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi na wuyan Eunice ta ɗora tsakanin layi biyu. Ya zauna daidai. Ta karɓi na Mama Vicky, shi ma ya zauna. Alƙali ya leƙo ta saman gilashinsa, ya yi rubutu mai tsawo. Ya ba da beli, da sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, da takardar ɗaukarsa aiki da hotonsa.

Dangin Ishaya teloli ne da 'yan kasuwa. Babban ma'aikaci ɗaya Eunice ta sani a duniya, kuma ba ta roƙe shi ba. Ta dawo gida, ta goge ƙyallenta, ta ninke. Washegari ta sake goge shi. Kwana biyar Baba na zaune a falo yana kallonta.

"Eunice."

"Na'am, Baba."

"Ki yi kuka mana. Ko ki zage ni."

"Ba ya zuwa, Baba."

"Ba za ki ce mini komai ba?"

Ta kifa dutsen gugar. "Ni na zaɓi kalar. Daga baya ya ce mini kore ya fi sauƙin samu, na ce a'a, na sake karanto masa ma'ana. Shi ke nan abin da nake da shi."

Da safe ta sami Baba a tsakar gida sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci, da tsohon fayil a hammata.

"A ina ake ɗaukar ƙaramin hoto a unguwar nan? Wanda ake bayarwa nan take."

A kotu aka miƙo masa takardar beli don ya sa hannu. Ya sa, ya rufe biro, ya dubi Ishaya.

"Kai, mai baki. In ka gudu, ni za a kama."

"Ba inda zan je, Baba."

"Ka ci abinci tukuna. Sannan ka turo manyanka, in ji ko su ma haka suke da surutu."

Bayan wata ɗaya aka ɗauke Baba daga teburinsa aka mayar da shi wani ɗaki da ba a kawo fayil. Godwin ya daina gaishe shi a gaban mutane. Baba yakan tafi da jarida, ya dawo ya ce bai taɓa hutawa haka ba. Eunice ta san ba gaskiya ba ne.

Ishaya ya koma shago, amma kwana da kwanaki bai taɓa keken ba. Sai ya zauna yana kallon titi, ita ma ta zauna kusa da shi. Ba sa magana sosai. Ranar da aka mayar masa da wayarsa, yana kunnawa saƙonni suka yi ta shigowa. Ya karanta su duka tana zaune, har na Talatar. Sannan ya yi rubutu, wayarta ta yi ƙara a cinyarta.

"Sakatariya, yau Alhamis. Ina nan. Za ki aure ni?"

Ta rubuta, "I." Ya tashi ya ɗauko tef ya ce ta miƙe ya auna ta.

An kori ƙarar a watan Janairu. Bayan bikin Ista aka ɗaura auren a cocinsu na Kamazou. Ba a dawo da ƙyallen da aka kama ba, waɗanda suka ji tsoro kuma ba su sake fito da nasu ba, don haka mawaƙa sha huɗu ne kawai ke da na ratayawa, sauran suka tsaya a bayansu. Baba ya riƙo hannunta tun daga ƙofa. Rigar da Ishaya ya ɗinka ta zauna mata cif.

Da suka iso gaba, Mama Vicky ta ɗaga hannu, aka ɗauki waƙa. A baiti na biyu Eunice ta ji wani abu ya taso mata daga ƙirji. Ta yi ƙoƙarin dannewa, ta kasa. Kuka ne, mai sauti, har gilashinta ya rufe ba ta ganin Fasto.

Ishaya ya tsorata. "Lafiya? Rigar ce ta matse ki?"

Baba ya zaro hankici ya miƙa masa.

"Bar ta," ya ce. "Wata takwas muke jiran sa."

Sannan ya ɗora hannunta cikin na Ishaya, ya riƙe su duka biyun. "Ubangiji ya albarkace ku. Ya cika tukunyarku, ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji tsoro kamar yadda na ji ba."

Duk cocin suka amsa da amin.