Zauna, Bidiyonka Zai Ɗau Lokaci

Ranar da Dogo mai kyamara ya fara leƙowa ɗakin bayan shagon bidiyo, sai da ya buge kai da ƙofa. Auta ta ɗago daga kwamfuta, dariya ta kufce mata, shi kuwa ya manta abin da ya kawo shi.

"Bidiyon da na ɗauka ne ya ƙi buɗuwa a wayar mai shi," ya ce da ƙyar.

"Na kyamara ai sai an juya shi. Zauna, zai ɗau lokaci."

Ƙarya ta shirga masa. Ta san gajeriyar hanyar da ake sauya wa bidiyo tsari kawai, kafin a sha ruwa an gama. Amma tun da ta bar makaranta take cikin ɗakin nan, daga ita sai fanka da wayoyin da suka sarƙe a ƙasa, babu mai ce mata sannu. Sai ta zaɓi doguwar hanya, layin da ke nuna ci gaban aikin yana rarrafe a allo, su kuma suna hira.

Dogo ya mayar da shagon wurin zuwa, har ya raɗa mata Zuma. Da ya turo manyansa, mahaifinta mai shagon ya ba su amsar da ya saba ba kowa: "In ta tafi, wa zai juya min bidiyo? Ni kwamfutar nan ba ta shiga kaina."

Dogo ya ɗauke ƙafa. Auta ta ɗauka ya samu wata ne, ɗakin ya ƙara matse ta, ta yi kuka har fuskarta ta kumbura. Sai ga saƙo:

"Zumata, Babanki ne ya ce kar ya sake ganina a shago. Ni ma fa na iya juyawa, wajenki nake zuwa. In shekara goma ce zan jira."

"Ni ce ba zan iya jira ba, Dogona. Na gaji da ɗakin nan," ta mayar masa.

Washegari ta jawo wa mahaifinta kujera.

"Baba, jawo fayil ɗin nan ka sake shi a nan. Yanzu danna wannan."

Ya danna yana ɓata rai. Kafin ya gyara tabarau, bidiyon ya buɗe a wayarsa, hoto tas, murya tas.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya daɗe yana kallon allon. "Na san ba shi da wuya, Auta. Tun da mahaifiyarki ta rasu, motsinki a bayan bangon nan kaɗai nake ji in san ina da kowa."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, suka yi kuka tare. Da yamma da bakinsa ya kira Dogo ya ce a dawo da magana.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya. Suna karyawa da safe wayarta ta yi ƙara, bidiyo ne daga Baba. Dogo ya matso kusa ta buɗe. Kyamarar a karkace take, rabin kansa ma bai fito ba.

"Ni na ɗauka, ni na juya da hannuna," in ji shi. "Kar ki damu da ni, 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba," suka ce tare.