Gaida Gwaggo Dorina

Injiniya Barira ta ɗora tafin hannunta a kan allo, sai Ɗakin Dawa ya farka. Bango ya narke ya koma sararin sama, daɓen siminti ya zama taɓo mai sanyi, warin ciyawar fadama ya cika wurin. Can gaba tafki ya shimfiɗu, belbelu na sauka a bakinsa. Yaran ajin reno suka zuba idanu.

Ruwan ya motsa. Ƙananan kunnuwa biyu suka ɓullo, sai hanci, sai wani ƙaton kai da ya kai girman ƙofar ɗaki.

"Wa zai gaida Gwaggo Dorina?" in ji Barira.

Ai kafin ta rufe baki 'yarta Saude, 'yar shekara biyar, ta fice daga layi. Ta je bakin ruwa ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ina kwana? An tashi lafiya?"

Dorina ta wangale baki, wato ta amsa ke nan. Ta tako a hankali ta kwantar da kanta a gaban yarinyar, Saude ta shiga shafa mata goshi. Da lokaci ya cika, dabbar ta watse kamar hayaƙi.

"Umma, ki sake kunna ta."

"Ke dai ba kya ƙoshi," in ji Barira, ta taɓa allon. Dorina ta dawo.

A Birnin Inuwa, wanda aka lulluɓe da rufin gilashi tun da zafi ya kori mutane daga fili, yaro kan girma bai taɓa ganin ko ƙadangare ba. Na'urorin tsafta sun share komai, har tururuwa. Wata rana Saude ta ga hoton raƙumin dawa ta tambayi uwarta wane kamfani ne ya ƙera shi. Wannan tambaya ce ta sa Barira ta ƙirƙiro Ɗakin Dawa a makarantar yaran birnin. Ɗakin yana aiki ne da ƙurar-siffa, wasu ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, waɗanda lantarki ke tarawa su zama fata, ko gashi, ko ƙaho, har hannu ya ji ɗuminsu. Yau a kai yara kurmi su ga birai, gobe kan tsauni wajen rema, jibi fadama. Barira so take yaro ya san kowace dabba da gidanta, da abin da take ci, da inda take ɓuya.

Da farko dabbobin nata ba su da wasa. Zaki in ya yi ruri sai ƙirjin babba ma ya buga, dorina kuwa in aka matso sai ta yo kan mutum. To, sai yara suka fara firgita a barci, wasu har da fitsarin kwance. Iyaye suka yi wa makarantar caa. Shugabanta, Malam Lawandi, ya kira Barira ofis.

"Injiniya, karatu muka ce ki koya musu, ba farfaɗiya ba. A cire wannan tsoratarwar."

"Ranka ya daɗe, tsoron ma darasi ne. Ai tsoro na daji, kunya ta gida."

"Wane daji? Ina dajin yake? Yaran nan ko gaisuwa ba su iya ba, sai su wuce uba a tsaye ƙiƙam kamar turke. In gyara za ki yi, ki sa dabbobin su koya musu ladabi. Wanda ya durƙusa ya gaida dabba, ta zo masa. Wanda ya ƙi, ta juya masa baya."

Barira ta yi ta ja. Amma Sauden kanta ta daina yarda a rufe mata ƙofa, ko bayi ba ta shiga ita kaɗai, duk ta rame. Uwa uwa ce. Barira ta zauna ta zare faɗa daga kowace dabba, ta mai da wangale bakin dorina, wanda a daji gargaɗin ƙarshe ne, ya zama amsa gaisuwa. Ta san abin da take yi, ranta bai so ba, ta dai yi.

Kai, zo ka ga murna! Yara suka koma gida suna durƙusa wa kakanni, tsofaffi na ta sa albarka. Biranen maƙwabta suka aiko a kafa musu irinsa. Malam Lawandi, wanda kansa ya fara girma, ya ce a ƙarshen shekara za a kai ajin reno Gandun Ragowa, wajen rufin birni, inda aka killace 'yan dabbobin da suka saura da rai. Za a haska tafiyar a allunan gari duka, duniya ta ga yaran da ba su tsoron daji.

Barira ta hango haɗari. Ta nemi a ba ta wata guda ta nuna wa yaran ainihin halin dabbobi, aka ce an riga an sa rana. A cikin motar-iska ta miƙe ta ce, "Ku saurara. Waɗannan ba irin na ɗakinmu ba ne. Ba a zuwa kusa da su. Kun ji ko?"

"To, Malama!" suka amsa baki ɗaya, yadda suke amsa komai. Ina magana ɗaya za ta goge aikin shekara?

Gandun ba shi da shingen waya, ba shi da bango. Katangar-sauti ce ke tsare shi, wasu sanduna da aka kakkafa suna fitar da ƙara wadda kunnen dabba ba ya jurewa, mutum kuwa ba ya jinta sam. A sama shirwar-ƙarfe ke kewaya, jirgin tsaro marar matuƙi, mai harbin duk dabbar da ta tasar wa mutum. Waɗanda suka tsara katangar sun yi tunanin hana dabba fita. Ba wanda ya yi tunanin hana yaro shiga, don tun da aka halicci duniya tsoro ne ke yin wannan aikin.

Aka jera yara a bayan farin layi. Tafkin gaskiya bai kai na Ɗakin Dawa kyau ba, ruwansa jawur, ga ƙudaje. Mai gandun yana bayani cewa dorinar da ke ciki ita ce mace ta ƙarshe a duk ƙasar, ga shi ta haihu kwanan nan, sai Malam Lawandi ya jawo Barira gaban masu ɗaukar hoto.

"Injiniya, yi musu bayani. Yau ranarki ce."

Ta juya wa yaran baya. Ko jimla biyu ba ta yi ba ta ji muryar da ta fi kowace sani, daga nesa.

"Gwaggo, ina wuni? Ya jego, ya jariri?"

Saude na durƙushe a bakin ruwa, ta wuce sandunan, kanta a sunkuye yadda aka koya mata. Dorina ta taso tsakanin Saude da jaririn, ta wangale baki, haƙora kamar taɓare. Yaran da ke kan layi suka hau tafi.

"Ta amsa! Ta amsa!" Wasu har sun fara tsallake layin su ma.

"Saude! Gudu! Innalillahi, Saude!"

Barira ta yar da takalma ta zura a guje. Saude ta ji ta sarai, amma ba ta ɗago ba, don an koya mata ba a tashi sai babba ya gama amsawa. Dorina ta yo waje, ruwa ya tsage, ƙasa na girgiza. Shirwar-ƙarfe ta yi ƙara sau ɗaya. Ƙaton jikin ya kife, ya zamo cikin taɓo, ya tsaya dab da gwiwoyin yarinyar, kan a ƙasa, daidai yadda yake kwanciya a Ɗakin Dawa.

Barira ta iso ta fizge 'yarta, tana lalube ta ko'ina. Ko ƙwarzane babu. A bayansu Malam Lawandi na ta ihu a kashe na'urorin hoto. Cikin ruwa ɗan dorinar yana zagaye yana wani kuka siriri, ya zo ya tunkuɗi uwar da hanci, ya koma, ya sake zuwa.

Saude ta zame daga hannun uwarta ta shafa goshin. Ta dubi tafinta, ta ga ja, ta goge a riga. Wani abu ne da ba ta taɓa gani a ɗakinsu ba.

"Gwaggo, tashi mana." Ta jira. Ta juyo, ba tsoro ko kaɗan a fuskarta, sai ɗan ƙosawa. "Umma, ta tsaya. Ki sake kunna ta."

Barira ta dubi tafin hannunta, wanda ya saba tayar da daji guda da taɓawa ɗaya. Taɓo ne kawai a jikinsa.