Tafin Hannu Mai Yatsa Shida

"Wa ya ce ku taɓa bangon nan?"

Abin da Mai Awo ya fara faɗa ke nan, ko sallama bai ƙarasa ba. Auta ta tsaya da bokitin fenti a hannu, murmushin da ta tanada masa ya mutu a fuskarta.

"Kai ka ce manyan ofishinku za su zo ganin gida..."

"Tsufansa za su zo gani, Auta. Tsufan nan kaɗai zai hana a rushe shi."

Wata uku ke nan da aka manna takarda a bakin layi, wai wani kamfani ya nemi izinin rushe tsofaffin gidajen unguwar ya gina kantuna. Mai Awo, saurayin da aka sa musu rana da Auta, a ofishin tsara gari yake aiki. Shi ya yi ta zarya har masu adana gine-ginen tarihi suka yarda su zo. In suka shaida gidan na tarihi ne, babu mai taɓa shi.

Gidan kuwa yana da abin nunawa. Kakan Baba ne ya gina shi, magini mai yatsa shida a hannun dama. Ranar da ya gama, ya danna tafinsa a ɗanyen bango kusa da ƙofar falo. Auta tana ƙarama takan sa hannunta a ciki, ta yi ta mamakin yatsan da ya rage babu kowa.

Amma Baba, mahaifin Auta, mai gyaran agogo, bai taɓa karɓar baƙo a ɗaki mai tsaguwa ba.

"Manyan surukina su zo su tarar da mu a kango?" ya ce. "Ba da raina ba."

Kwana huɗu suna aiki. Aka shafe bango da siminti, aka cire tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa aka ba mai gidan burodi ya hura wuta, aka sa ta ƙarfe. Auta da kanta ta zaɓi fenti shuɗi, don kada a raina mata masoyi a wurin aikinsa.

Washegari da hantsi baƙin suka iso. Shugabarsu, wata mata mai tabarau, ta ƙwanƙwasa bangon, ta shaƙi warin fenti, ta dubi Mai Awo.

"Gida ya yi kyau, Baba," ta ce a hankali.

"Na gode, 'yata," in ji Baba yana gyara hula. "Da kin gan shi makon jiya, da ba ki zauna ba."

Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Bayan sati biyu takardar rusau ta fito, da sa hannun wanda ya auna layin a ƙasa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta karanto sunan da ƙarfi.

"To, ango ya aiko da lefe," ta ce. "Katafila guda."

Baba bai yi faɗa ba. Ya naɗe takardar, ya ɗora agogon tebur a kanta.

"Auta, ban ce yaron nan mugu ne ba. Amma duk ranar da ya durƙusa gaishe ni, wannan takarda zan gani. Ƙanena ya ba ni ɗaki a bayan gari. In za ki bi ni, to. In kin zauna ki aure shi, ban riƙe ki ba."

Idon Baba ya fara dushewa, ita ke zare masa ƙananan kusoshin agogo. Wa zai yi masa in ba ita ba?

Ana gobe za su tashi, Mai Awo ya zo da la'asar. Ya tarar da ita durƙushe a falon da aka kwashe, tana ɓamɓare simintin da ya rufe tafin kakan da wuƙar kicin.

"Hasken idona, tashi. Zan sake rubuta musu..."

"Ka rubuta me? An gasa burodi da ƙofar."

"Sa hannun nan aikina ne, ba zuciyata ba."

"Na sani. Ni ma fentin ba da mugunta na shafa ba." Ta goge hawaye da bayan hannu. "Kalma ɗaya da ka faɗa mana, ka ce kada ku gyara."

"Ban taɓa zaton akwai mai gyara abin da za a zo gani don tsufansa ba."

"Mu kuma ba mu taɓa zaton akwai mai zuwa ganin tsaguwa ba."

Ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi wuƙar, ya ci gaba da ɓamɓara a hankali kamar mai cire ƙaya. Simintin ya saki gaba ɗaya, ya faɗo a cinyarta tare da tsohon yaɓen. Ta juya shi. Ga tafin kakan nan, ya tsage gida biyu. Ta ƙirga yatsun, ta sake ƙirgawa.

Biyar ne. Na shidan ya zama gari a ƙasa.

"Yanzu ya zama hannun kowa," ta ce.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a tsakiyar tafin, ta miƙa masa duka biyun. Daga tsakar gida Baba ya kira ta, wai ta zo ta duba masa ko ƙarfe nawa.